Ɗan Fulanin da Bai Iya Faɗuwa Ba

Ni a filin ƙwallo gwanin faɗuwa ne, kuma har gobe ba na jin kunyar a sani. Lokacin da nake buga wa ƙungiyar unguwarmu a Kontagora, ina saurayi ina koyon ɗinki a bakin kasuwa, in ɗan baya ya kawo mini ƙafa ba na jira ta iso. Sai in tashi sama in sauka a kan kafaɗa, in mirgina, in riƙe ƙwauri ina salati. 'Yan kallo su yi ta ihu, "Tela, tashi, ba a taɓa ka ba!" Wani ya ce iska ce ta kayar da ni, wani ya ce a kawo mini tabarma da matashi. Su suka sani. Yau ga ni da furfura, da ƙafafuna biyu nake taka keken ɗinki.

Alƙalin wasan da ya fi busa mana usur wani tsohon malamin motsa jiki ne, dogo, kowa Malam yake ce masa. Ba ya cin hanci, wannan kam na shaide shi. Cutarsa guda ce, ƙwallon Ingila. Ba ma irin wadda muke gani a gidan kallo ba, ta da can, wadda ya ce tun kafin a haifi kakanninmu Turawa ke bugawa cikin taɓo, ana shurin ƙwauri ba a ce laifi ne ba, mutum ya tashi da jini a fuska ya ci gaba. A wurinsa wannan ce ƙwallo, sauran duk rawa ce. Ko Legas bai taɓa zuwa ba, amma in ya fara ba ka labarin Ingila sai ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Dokarsa a fili kowa ya haddace ta. In an buge ka ka faɗi, sai ya dube ka a wulaƙance ya ce, "Tashi, wasan maza ne." In an buge ka ba ka faɗi ba, sai ya ware hannuwa ya ce a ci gaba, ai ba a yi maka komai ba. Sai faɗuwa ta yi muni, 'yan kallo sun taso masa, sannan yake busawa yana ɓata rai.

Ana haka ɗan Fulani ya shigo mana. Rugarsu tana can hanyar Zugurma, yakan rako shanun babansa kara ranar kasuwa, in an gama ciniki ya tsaya bakin filinmu da sanda a kafaɗa yana kallo. Wata rana muka rasa mutum ɗaya, aka ce ya shigo ya cike. Ya jingine sanda, ya shiga ba takalmi. Kai, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba! Siriri ne, ba ya haki, ƙwallo in ta shiga ƙafarsa sai ya ga dama take fita. Kafin damina ta kankama mun nemo masa takalmi da riga. Hausarsa a karye take, yana ce mini Kaɗo, wato Bahaushe, ina ce masa ɗan Fulani, mun shaƙu ƙwarai. Shi ne namiji babba a ɗakinsu, babansa ya tsufa, shi ke kora garken gidan zuwa kudu da rani ya komo da shi. Ƙafafun nan biyu su ke riƙe da gidansu gaba ɗaya.

Ran da ya fara tuɓe riga a gabanmu muka zuba masa ido. Ƙirjinsa da haƙarƙarinsa duk tabon bulala ne. Na shaɗi ne, wasan da samarinsu ke yi, a tsaya a tsakiyar taro a zabga wa mutum tsumagiya da iyakar ƙarfi, shi kuwa yana murmushi, ko ƙifta ido ya yi ya jawo wa danginsa abin faɗa. Ya nuna mana su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda aka yi kowanne, yana jin daɗi. A haka aka raine shi, cewa nuna ciwo a gaban mutane abin kunya ne, faɗuwa ƙasa kuwa ta fi zagin uwa.

'Yan bayan sauran ƙungiyoyi ba su daɗe ba suka gane shi. Ga mutum ba ka iya kama shi da gudu, amma in ka shure shi ba zai faɗi ba, in bai faɗi ba kuma Malam ba zai busa ba. To me ya rage? Suka mai da ƙwaurinsa abin gwada takalmi. Bayan kowane wasa in ya sauke safa sai ka ga ƙafa ta yi kulu-kulu, wani wurin ya fashe. Malam kuwa sai ya zo ya dafa kafaɗarsa ya ce mana, "Kun ga namiji. Wannan ko a Ingila sai ya buga." Ya juyo ya harare ni.

Wata yamma ina shafa masa man zafi na ce, "Kai ɗan Fulani, don girman Allah in an buge ka ka riƙa faɗuwa."

"In faɗi don me? Ai ban mutu ba."

"Don a busa, mahaukaci! Don na gaba ya ji tsoron kati. Kuma in ka saki jiki ka bi bugun, ƙafa ba ta karɓar nauyinsa. In ka kafe ta a ƙasa ita ce za ta sha."

Ya dube ni kamar na ce ya ci mushe. "A gaban mutane, Kaɗo? Har da 'yan mata masu tallar gyaɗa?"

Na tashi na nuna masa a nan take, yadda ake sunkuyar da haɓa, a ba ƙasa kafaɗa, a mirgina. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ajiye mini karatun nan naka. Ran da na tsufa na zo in ɗauka." Na ce Allah ya shirye shi, muka bar maganar.

A Beri abin ya faru. Mun je wasan sada zumunta, an yi ruwa da safe amma filin marmara ne, ƙasa tauri kamar daɓe. Malam ne da usur. Suna da wani ɗan baya, ƙaton manomi, takalminsa mai ƙusar ƙarfe, tun da aka take wasa bai nemi ƙwallo ba, ƙafar ɗan Fulani yake nema. Ya same ta, ya sake samu, Malam yana ware hannuwa. Bayan an dawo hutu ɗan Fulani ya zare ta gefen dama, ya kafa ƙafar hagu zai bugo mini, sai ƙaton nan ya shigo da tafin takalmi a sama. Ina kusa, na ji ƙarar da kunnena, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Bai faɗi ba. Wallahi bai faɗi ba. Ya yi tangal-tangal, ya tsaya a kan ƙafar dama, ya sauke ta hagun a hankali ya ɗora yatsu a ƙasa. Fuskarsa ta yi fari fat, amma haƙoransa a waje, irin murmushin nan na shaɗi. Na ƙwala masa kira, "Kwanta! Kwanta, don Allah!" Ya girgiza kai. Na juya wajen Malam ina nuna shi, Malam ya ware hannuwa. Da na rasa abin yi sai na zube ƙasa ni kaɗai, ba kowa kusa da ni, ina ihu ina birgima don dai a tsayar da wasa. 'Yan kallo suka bushe da dariya, Malam ko kallona bai yi ba. Ina kwance na ga wani namu, da ya saba duk ƙwallon da ya samu ɗan Fulani yake ba, ya tura masa. Shi kuma ya taka ƙafar nan da dukan nauyinsa zai tare. Ƙashin ya huda safa ya fito. Ko a nan ma zama ya yi, a hankali, kamar mai shirin alwala. Sannan Malam ya busa.

Mun so a wuce da shi asibiti, babansa ya ce a'a, akwai mai ɗori wajen Kaboji wanda tun kakanni shi ke yi musu. Na bi su a bayan akori-kura. Mai ɗorin tsoho ne, ya san aikinsa, amma da kukan majinyaci yake auna hannunsa. Yakan jera karare a jikin ƙafa ya riƙa jan tsumma, in mutum ya yi ƙara ya san ya kai, sai ya ɗan sassauta ya ƙulle. Ga baban yaro zaune a gabansa, ga baffanninsa biyu, duk sun zuba masa ido. Tsohon ya ja ya ce, "Ya yi tsauri?" Ɗan Fulani ya ce a'a. Ya ƙara ja ya sake tambaya. Gumi na zuba daga haɓarsa ya ce a'a. Na ce, "Baba, ƙarya yake yi, wallahi yana jin zafi!" Wani baffan nasa ya ce mini cikin sanyin murya, "Yaro, namu ba ya ƙarya." Aka ƙulle a haka.

Da na koma dubo shi, tun daga bakin bukka wari ya tare ni. Yatsun sun yi baƙi. Ashe tun washegari ƙafar ta kumbura cikin ɗaurin, bai gaya wa kowa ba, innarsa ce ta gane da ta ga ƙudaje. A lokacin ba wanda ya ƙara musu, aka kai shi asibiti. Likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Ina zaune a gefen gadonsa Malam ya zo da lemo a leda. Ya tsaya ya dubi inda zanin ya lotsa, ya ce, "Sannu. A duk shekarun da na yi ina busa usur ban taɓa ganin namiji irinka ba." Ɗan Fulani ya ce na gode. Ni kuwa da ya juya ya fita sai na miƙe. Na bi Malam har baranda na ce, "Malam, kai ka ji ƙarar nan kamar yadda na ji." Ya ce, "Bai faɗi ba. Ni abin da na gani nake hukunci a kai. Ƙaddara ce, tela." Na ce, "Da ya faɗi ai cewa za ka yi ya tashi." Ya gyara hularsa ya tafi. Sa'an mahaifina ne, amma daga ranar ban ƙara gaishe shi ba har ya bar duniya. Na tsane shi, kuma ban ga abin da zai sa in ɓoye ba. Ƙaton da ya yi shurin ma ban riƙe shi kamar yadda na riƙe Malam ba.

Da rani ya zo aka damƙa garken ga wani ɗan baffansa, shanu suka yi kudu ba da shi ba. Na ji an ce ya raka su da sandunan asibiti har bakin rafi, ya tsaya yana kallo har suka ɓace. Ni ma ƙwallon ta fita raina, na kama ɗinki sosai.

Bayan wani lokaci sai ga shi a shagona ranar kasuwa, da wanduna a leda, yana so in naɗe ƙafar hagu in ɗinke don tana jan ƙasa. Na karɓa na ajiye a kan keke. Da na ɗaga kai na dube shi da kyau sai na ga goshinsa a fashe, haƙori ɗaya na gaba ya gutsure, wuyan hannunsa a kumbure.

Na ce, "Wa ya doke ka?"

"Ba kowa. Ƙasa ce."

Ashe sandar ce ke zamewa, a taɓo, a kan dutse, a bakin rijiya. Shi kuma in ya ji zai tafi sai ya sandare, ya yi ta kokawa da iska har ƙarshe, sannan ya tafi gaba ɗaya a miƙe ya sauka a kan fuska. Ya kafa wa keken ɗinkina ido. Can ya sassauta murya ya ce, "Kaɗo, karatun nan da na ce ka ajiye mini, yana nan?"

Na rufe shago da rana tsaka. Na ɗauke shi a babur muka fita bayan gari, wani busasshen rafi mai yashi inda ba kowa. Na nuna masa kamar yadda na nuna masa a da. Ka saki sandar, kada ka tare da hannu, ka sunkuyar da haɓa, ka ba ƙasa kafaɗa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya duba hagu, ya duba dama, ya leƙa bayan wata bishiyar ɗorawa ya tabbatar ba mai kallo, sannan ya gwada. Ya sandare, ya sauka a kan hannu. Na ɗaga shi. Ya sake, ya sake sandarewa. Na yi ta ɗaga shi ina faɗa, "Saki jikinka mana, ɗan Fulani! Me kake riƙewa?" Rana ta fara sanyi, duk mun yi buɗu-buɗu da yashi, sai ya saki sandar ya tafi a kan kafaɗa ya mirgina, tsaf, yadda ni ma ba zan fi shi ba.

Na ce, "Yauwa! Ka ga ka iya. Tashi mu sake."

Bai tashi ba. Yana kwance a gefe, ya rungume dungun ƙafar da hannu biyu, fuskarsa cikin yashi. Sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na ɗauka tari ne, ashe kuka ne, da ƙarfi, baki buɗe, yana cewa wayyo ƙafata, wayyo Inna. Ban taɓa shi ba, ban ce ya yi haƙuri ba. Na ɗauki sandarsa na hau bakin gaɓa, na juya masa baya, na tsaya ina gadin hanya kada wani ya zo.