Koren Kati a Kan Mataccen Batir

Har gobe ban manta da wata Alhamis ta damina ba, ranar da na buga hatimina a kan batirin da bai kamata ya tsallake ƙofar shagonmu ba. Ku da kuka same ni da furfura kuna cewa Baba Istifanus ya cika tsanani, ku matso ku ji inda abin ya samo asali.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Kakuri, bayan masaƙu, ina zaune a Makera. Aikinmu gyara da cajin batiran ƙananan jiragen sama, irin na shata da na feshin gona. Filin jirgin yana can arewacin gari, sai an haye gada an ratsa Kaduna kaf. Mu uku ne a sashen: Oga Nwosu shugabanmu, Madam Rifkatu mai riƙe da babban littafin rajista, sai ni. Wata biyu kacal ke nan da aka ba ni hatimi, wato izinin in gwada batir in sa hannu cewa ya isa shiga jirgi. Shekara huɗu na yi ina jiran hatimin nan. A aljihun gaba nake sa shi, har coci nake zuwa da shi ranar Lahadi.

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Batirin jirgi akwatin ƙarfe ne mai murfi, ya kai nauyin rabin buhun masara. Idan ya zo mana, mu buɗe shi, mu wanke, mu cika shi da caji, sannan mu ɗora masa aiki mu zuba wa agogo ido. Idan ya yi awa guda yana ba da wuta, ya ci jarrabawa, a ɗaura masa koren kati. Idan ya gaza, jan kati, a tura shi kusurwar marasa lafiya. Dalilin shi ne, in janareton jirgi ya tsaya a sama, batirin nan ne zai riƙe wa matuƙi rediyo da na'urori har ya sauka. Maras lafiya ma zai iya tayar da inji a ƙasa lafiya lau, ba wanda zai gane. Sai ranar da aka buƙace shi a sama.

Kowane batir yana da lambarsa ta asali, doguwa, a kan wani ɗan faranti da aka liƙa a jikin akwatin, can ƙasa ta baya. Kafin ka karanta sai ka juya akwatin ka durƙusa kamar mai neman allura. Saboda haka a shagonmu akwai gajerun lambobi da farin fenti a kan murfi: ɗaya, biyu, har zuwa goma sha takwas. Da su muke kiransu. Madam Rifkatu kaɗai ba ta yarda da fenti ba. Ita ɗan madubin hodarta take zarowa daga jaka, ta zura shi bayan akwatin ta karanta farantin. Ni kuwa kullum sai na tsokane ta: "Madam, yau ma batir za a yi wa kwalliya?" Ta ce, "Istifanus, ka fita harkata."

Ranar Laraba na gwada biyu, iri ɗaya, kamar tagwaye. Lamba Bakwai ya wuce awa guda da ƙarfinsa. Sha Biyu kuwa ko minti ashirin da biyar bai kai ba ya kwanta. Na rubuta sakamakon a littafi. Da safiyar Alhamis na wanke murafunsu na shanya a kan benci a waje. Oga yana Legas, sai washegari zai dawo, don haka ni ne sarkin shago, ina ta fito.

Wajen sha ɗaya hadari ya taso daga gabas, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na ruga na kwaso murafun, na goge, na rufe kowane akwati na ɗaure. Na duba fenti: ga Bakwai, ga Sha Biyu. Na ɗauki koren kati, na kwafo doguwar lambar Bakwai daga littafi, ku ji da kyau, daga littafi na kwafo, ban duba jikin akwati ba. Na hura wa hatimi iska na buga, tim. Da sha biyu direba ya ɗauke shi a motar kamfani. Jirgin zai tashi zuwa Yola da ƙarfe uku, da fasinja shida.

Ina cin tuwon da na sayo a bakin hanya, wajen ɗaya da rabi, sai na ji Madam ta kira ni daga kusurwar marasa lafiya. Ba da ƙarfi ba. Da ma ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Istifanus, zo ka karanta mini wannan."

Na je ina lasar yatsa. Ta miƙo mini madubin. Na zura, na karanta, na sake karantawa. Murfi ya ce Sha Biyu. Faranti ya ce Bakwai. Wato garin gudun ruwa na musanya murafun: lafiyayyen yana gabana da jan kati a wuya, mataccen kuma yana kan hanyar shiga jirgi da sa hannuna. Wayyo Allah!

Na faɗa kan tarho. Shiru, ko ƙara babu. Da ma in aka yi ruwa sai ya kwana biyu bai farfaɗo ba. Madam ta ce, "Tsayuwar me kake yi? Je ka kira Emeka."

Emeka makaniki ne, garejinsa na jikin katangarmu, yana da wata tsohuwar akori-kura. Yana jin abin da ya faru ya jefar da sifana. Madam ta rubuta sabon koren kati daga faranti, na buga hatimi, muka ciccibi lafiyayyen batirin muka sa a baya. Emeka ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru.

"Batir ne," in ji shi, yana sosa ƙeya. Sai ya waiwaya ya kalli akwatin da ke baya. "Istifanus, ɗan haɗa mini naka mana. Minti ɗaya."

Na ce, "Kai, wannan ya ninka naka ƙarfi, zai ƙone maka mota ƙurmus!"

"To sauka ka tura."

Haka fa aka yi. Ni ma'aikacin batir mai hatimi, da Madam Rifkatu da ɗankwalinta da takalmi mai tsini, muna tura mota a cikin taɓo, ɗauke da batirin da ya fi na kowa lafiya a duk Kakuri. Masu sayar da abinci suna ta dariya, wata tana cewa, "Sannunku, masu jirgi!" Da motar ta tashi na ɗane da gudu, Madam ta tsaya tana haki tana nuna mini agogon hannunta.

Mun fito titi daidai lokacin canjin aiki a masaƙu. Wanda bai ga Kakuri da ƙarfe biyu a wancan zamanin ba, bai ga kekuna ba. Emeka ya kwanta a kan oda, ya leƙo da kai ta taga yana ihu, "Ku ba da hanya, jirgi za mu kama!" Wani mai keke ya dubi motar sama da ƙasa ya ce, "Da wannan?" A kan gada kuma muka tarar da wata tirela ta lalace. Emeka ba ya iya kashe mota, in ya kashe sai turi, ga inji na zafi. Ni dai addu'a nake yi, duk wadda na iya. Gaskiya zan faɗa muku, rabin addu'ar ta fasinjoji ce, rabi ta hatimina.

Emeka ya ce, "In mun kai kan lokaci, ka musanya kawai ka yi shiru. Wa ya gani? Oga ba ya nan." Maganar ta yi mini daɗi, har na soma shirya yadda zan roƙi Madam.

Uku saura kwata muka isa. Mai gadi ya ce motar nan ba za ta shiga ba, na bar Emeka yana fama da shi na ruga da ƙafa. Na tarar da Malam Garba, injiniyan jirgin, yana goge hannu da tsumma. Ya riga ya ɗaura batirin ya rufe. Fasinjoji na tsaye da jakunkuna.

"Malam, batirin da ka sa ba shi ba ne."

Ya dube ni. "Hatimin wa ke kan katin?"

"Nawa ne."

"To?"

Na faɗa masa komai. Ya kwance, ya zaro akwatin, ya juya shi, ya sa tabarau ya gwama faranti da kati. Sai ya ce, "Innalillahi. Ni ma murfin na duba." Aka bar Emeka ya shigo, aka ɗaura na gaskiya, wannan karon mu biyu muka durƙusa muka karanta lambar da baki, ɗaya bayan ɗaya. Jirgi ya tashi da lattin minti arba'in. Wani fasinja mai babbar riga ya yi ta mita cewa ma'aikatan ƙasar nan ba su san darajar lokaci ba. Na ce masa ya yi haƙuri, ranka ya daɗe.

Da muka koma, Madam na zaune da littafin a buɗe. Na fara kame-kame. "Madam, tun da dai Allah ya rufa asiri, ba abin da ya faru..."

Ta ce, "Ni ban rubuta komai ba. Ba ni na yi ba, ba ni zan rubuta ba." Ta juyo mini littafin, ta ɗora biro a kai. "In ka ga dama ka bar shafin haka. Amma ka sani murafu goma sha takwas ne a shagon nan, kuma damina ba ta wuce ba."

Na yi kusan rabin awa ina kallon shafin. Na ji haushinta sosai a lokacin, ba zan ɓoye ba. Daga baya na ɗauki biron na rubuta duka, har da inda na kwafo lambar, na sa hannu.

Da safe Oga Nwosu ya iso da taye da jakarsa. Kamar kullum, littafi ya fara buɗewa. Ya karanta sau biyu. Sai ya miƙo tafin hannu. "Hatimi." Na zaro na ba shi, idona ya cika da ƙwalla. Ya sa a aljihun tebur ya ce, "Wata guda." Na ɗauka kora zai ce, sai na ji kamar an sauke mini dutse.

Bai tashi ba. Ya ɗauki biro ya yi rubutu a ƙarƙashin nawa, sannan ya karanta mana: shi ne ya sa aka rubuta lambobin fenti a kan murafu tun kafin a ɗauke ni aiki, don sauƙi, kuma kuskure ne. Ya sa hannu. Ya zaro nasa hatimin ya ajiye kusa da nawa, ya rufe aljihun da ƙarfi.

Madam ta ce, "To, Oga, wa zai sa hannu a watan nan? Emeka?"

Ya buɗe aljihun a hankali ya ɗauke nasa, yana ƙunƙuni. Sai ya kwance taye, ya naɗe hannun riga, ya ce in kawo kananzir da tsumma. Ranar nan ni da shugabana muka wuni a tsugunne muna kankare fenti, har murfi na goma sha takwas.

Na yi shekara talatin da wani abu a aikin nan kafin in koma Kamazou in huta. Abin da na koya ranar shi ne, duk abin da za a iya cirewa a sa wa wani, murfi ne ko kati, ba shi ne sunan kaya ba, sai ka durƙusa ka duba jikinsa. Game da mutane kuwa, na yi aiki da gwanaye da yawa waɗanda ba za ka taɓa ganin laifinsu a rubuce ba, kuma ban taɓa sakin jiki da su ba. Da watan ya cika, Oga ya miƙo mini hatimin ya ce, "Da na dawo na tarar da shafin nan fari, da Malam Garba ya gaya mini abin da ya faru, kuma da ba ka sake ganin wannan ba har abada." Na karɓa da hannu biyu, na koma bakin aiki.