Yaya Hajo da Dosiyen Raƙumin Agali

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da muka binne yayata Hajara a Tanut. Yaya Hajo muke ce mata, mu da dukan 'yan kasuwa. Kwanan baya jikana ya zo yana mita wai ya yi sawu biyu a gidan shari'a bai samu takardar da yake nema ba. Na yi masa dariya, amma da ya tafi na daɗe zaune ina tunanin Yaya.

Mu 'yan Falanko ne. Ita ce babba, ni ne auta. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, Baffa Mamman, ƙanin mahaifinmu, shi ya riƙe mu tare da ɗansa Idi. Ni kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, a gidan, har na kai Damagaram. Ita kuwa aure ya kai ta Tanut, inda ta kafa rumfar kanwa da gishiri. Ba ta yi karatun boko ba.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka ce ana ɗaukar samari a koya musu yi wa dabbobi allura. Na kai takarduna, na ci jarrabawa. Abu ɗaya ya rage, wato kaziye, takardar da ke nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Wannan masu ɗaukar aikin ne suke aikawa a tambayo, ba a ba ka ita a hannu. Ranar da na koma jin labari, mutumin da ke bayan tebur ko kallon kirki bai yi mini ba. Ya ce an taɓa ɗaure ni wata shida a Tanut kan satar raƙumi. Ya karanto sunana, Sani, da na ubana, da na uwata, da garinmu, duk daidai. Na rantse masa ban taɓa shiga kaso ba. Ya ce ba shi ne alƙali ba.

Kwana uku na yi kwance a gidan Yaya, ina shawarar in bi mota in tafi Kano inda ba wanda ya san ni. A na huɗu ta tsaya a kaina.

"Sani, ka saci raƙumi?"

"Haba Yaya!"

"To tashi ka wanke ido. Wanda ya rubuta ai ya ajiye a wani wuri."

Muka tafi kotun Tanut. Magatakardan kotun wani dattijo ne, Malam Bukar. Ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce kowace shari'a tana da dosiyenta, wato kundin takardunta, kuma wanda abin ya shafa yana iya rubuta wa alƙali takardar roƙo, ya manna tambur, wato kan sarki, a fito masa da shi. Sai dai an jera su ne shekara-shekara, kuma shari'ar raƙuma a Damargu, yankin Tanut, ba ta da iyaka. Sai mun kawo masa shekarar da lokacin, ko sunan mai raƙumin. Ni da na yi boko, nan na ga hanya ta ƙare. Yaya ta yi masa godiya, ta ce za mu kawo.

Duk mai raƙumi yana sayen kanwa, wannan shi ne abin da ta sani ni ban sani ba. Daga ranar, ba makiyayin da zai tsaya a rumfarta bai sha tambaya ba: wa aka taɓa sace wa raƙumi, aka kama wani yaro ɗan Falanko? Abzinawa, Fulani, 'yan Hausa, kowa ta tambaya. Wasu suka yi mata dariya, wasu suka kawo labarin da ba shi ba. Sai a kasuwa ta biyar wani mutumin Tarka ya ce ya san wani Agali da aka yi wa haka, kuma ba ya fashin kasuwar Belbeji. Ta bar rumfar a hannun maƙwabciya, muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya.

Mun sami Agali a wajen masu dabbobi. Ya ce ba zai manta ba, kakar da ta biyo bayan mulkin kai ce, kuma an mayar masa da raƙuminsa. Ya dube ni ta saman rawani, ya ce ɓarawon ya fi ni tsawo. A kakar da ya faɗa ina aji a Damagaram.

Na rubuta roƙon, muka manna tambur, alƙali ya sa hannu bayan mako guda. Malam Bukar ya fito da dosiyen ɗaure da zare. Na miƙa hannu, Yaya ta ce a'a, shi ya karanta ya juya mata da Hausa, tana so ta ji da kunnenta. Ya karanta yadda aka kama ɓarawon, da abin da ya faɗa, har ya zo inda jandarma suka rubuta kamanninsa. Dogo, baƙi, hannun hagu babu yatsu biyu na ƙarshe.

Ban ɗaga kai ba. Muna yara igiyar rijiya ta guntule wa Idi yatsu biyu na hannun hagu, Yaya ce ma ta goya shi zuwa gida. Kuma a kakar nan ne ya ce ya tafi cin rani, ya dawo bayan watanni hannu banza.

Malam Bukar ya tambaya ko mun san shi. Yaya ta gyara lulluɓinta ta ce, "Malam, za mu dawo."

A hanya na ce mata ai yatsuna goma ne, alƙali ya duba kawai, ba sai an ambaci kowa ba. Ta ce wanda ya san sunan uwarmu ɗan gida ne, alƙali ma zai gane haka, ya tura jandarma Falanko su fito da Idi a gaban jama'a. Kuma in an tambaye ta, ba za ta ce ba ta san shi ba. Gaskiya a ranar na so ta yi ƙarya. Baffa shi ya ci da mu, shi ya shayar da mu.

Mun sami Idi a gona da hantsi yana yankan hatsi. A lokacin ya yi aure, har matarsa tana goyo. Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya masa abin da aka karanta mata. Ya ajiye wuƙar ya zauna a kan kara. Ya ce tsoron Baffa ya ji, ya ɗauka ni ɗan lakwal ne, ba abin da zai taɓa ni, kuma ya zaci rubutun nan a Tanut zai tsaya.

"Ka zo da ƙafarka, Idi," in ji ta. "Ni zan shiga gaba."

Abin da ya fi wuya shi ne Baffa. Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai. Ya ce, "Hajara, a gidan nan kika girma." Ta ce, "Haka ne, Baffa. Shi ma Sani a nan ya girma." Ta yi kuka sosai, amma ba ta janye maganar ba.

Idi ya zo da ƙafarsa. Alƙali ya ɗaure shi wata uku kan ɗaukar sunan wani, ya sa aka cire laifin daga kaina. Yaya ta sa na sake rubuta roƙo, aka ba mu kwafin hukuncin, na kai Damagaram. Na rasa ɗaukar wannan shekarar, na shiga ta gaba, na yi shekara talatin ina bin garke daga Tarka har arewacin Tanut. A wata ukun nan kullum ita ke kai wa Idi abinci a kaso, matarsa da jaririyar kuma a gidanta suka zauna.

Baffa bai sake yi mata magana ba. Kowace kaka tana zuwa gaishe shi da ƙullin gishiri, ta durƙusa, ya kau da kai, ta tashi. Shekara tara ana haka har Allah ya karɓi ransa. Ni yana amsa gaisuwata, har yana alfahari da aikina a gaban mutane. Wannan ya fi komai damuna, don ni na ci amfanin abin, ita ta ɗauki fushin. Na taɓa tambayar ta ko tana nadama. Ta ce tana kewar muryarsa. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta ci gaba da auna kanwa.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu ana buga suna a na'ura, ana ɗaukar hoto da zanen yatsa, da wuya wani ya shiga kaso da sunan ɗan'uwansa. Wannan zai yi mata daɗi. Amma ina ganin mutane da yawa suna tsayawa a ƙofar gidan shari'a su juya, suna ganin ba wurinsu ba ne, har da masu digiri. Ina ganin masu gado da masu gona da aka yanke musu hukunci, ba su taɓa neman kwafinsa ba, sai 'ya'yansu su sake faɗa a kan abin da aka riga aka raba. Na tabbata da ta ce musu su je su tambaya, in an ce a dawo su dawo. Ba na jin kuma za ta ɓoye musu cewa abin da za a fito musu da shi ba lalle ya yi musu daɗi ba.

Ba ta bar dukiya ba. Rumfar ma wata ce a ciki yanzu. Har yau ban iya cewa aikina ya kai darajar shirun Baffa ba, ita ce ta auna, ta yanke, ba ta kuma taɓa goranta mini ba. Ranar jana'izarta Idi, da furfurarsa, shi ya ƙi sakin makara har bakin kabari. Da muka dawo ya zauna kusa da ni a tabarma, ya ce kafin Yaya ta same shi a gona, shekara huɗu ya yi duk lokacin da ya ga motar jandarma sai ya nemi wurin ɓuya, in aka kira sunana kuma sai ya kasa haɗa ido da kowa.

"Ba kai kaɗai ta fitar ba, Sani," in ji shi.

Allah ya jiƙan Yaya Hajo, ya haɗa ta da Baffa a inda za su gaisa.