Irin Kindirmon Yagana

A Rijiyar Lemo, in aka ce kindirmo, to na Hajiya Yagana ake nufi. Tsohuwa ce 'yar asalin Borno, gajeriya, ga faɗan tsiya, amma ko wanda ba ya shiri da ita in ya ɗanɗana sai ya lashe cokali. Sirrin kuwa iri ne, wato ɗan ragowar kindirmon jiya da ake zubawa a sabuwar madara don ta kama. Nata irin, mahaifiyarta ce ta sauko da shi daga jirgin ƙasa cikin 'yar ƙwarya tun Yagana na goye, kuma bai taɓa yankewa ba.

Matan unguwa kan samma wa juna iri kamar yadda ake ɗiban wuta. Yagana kam ko kusa. Maƙwabciyarta Sadiat ta roƙa har ta gaji, amsar ɗaya ce kullum: "Na mahaifiyata ne, ba ya barin gidan nan."

'Yarta Jawahir, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ta sha gaya mata, "Inna, ƙwayoyi ne fa masu rai a ciki. In yunwa ta kama su, ga zafi ga tsami, da kansu suke fasa jikinsu su mutu. Ki raba shi gida-gida, ko na wani ya tsira."

"Ke dai da boko! Ina raye za su ji yunwa?"

Sai hawan jini ya kayar da Yagana ana tsakiyar bazara, aka kwantar da ita a asibiti. Ƙwaryar tana cikin firji, wutar lantarki kuwa ta ɗauke kamar ta yi fushi da unguwar. Hankalin kowa yana kan mara lafiya, ba wanda ya tuna da madara.

Da aka sallamo ta, kafin ta zauna ta buɗe ƙwaryar. Ruwa tsararo a sama, ɗaci a ƙasa. Ta dafa madara ta zuba irin, gari ya waye ba ta kama ba. Ta sake, haka nan. Jawahir ta sayo mata iri na kamfani, wanda ake sayarwa a leda, a Kasuwar Sabon Gari. Ya kama kam, amma Yagana na kai shi baki ta ture kwanon, don ɗanɗanon na kowa da kowa ne. Baƙin cikin ya fi mata ciwon zafi.

Ranar nan ta dogara sanda har ƙofar Sadiat, ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Sadiat, don Allah ki faɗa min gaskiya, ba zan yi faɗa ba. Ko sau ɗaya, ba ki taɓa ɗibar min cokali guda a ɓoye ba?"

"Wallahi Hajiya, ban taɓa ba."

"Haba Sadiat," in ji Yagana, hawaye na zubo mata. "Ai da kin sata."