Zaren Goggo

Na dawo unguwarmu ta Cheras a gajiye, ga sunan jaririn maƙwabciyata gobe. Kowa ya ce a yi tapau, wato a sayo dafaffen abinci a ƙunshe, a shagon abincin nan da ake kira mamak a huta, ni na nace sai na yi ƙwan biki irin na da. Wuƙa ta yi ta farfasa min shi, sai marigayiya Goggo, yayar babana, ta faɗo min a rai.

Ita da zare take raba dafaffen ƙwai, bakin zaren a haƙoranta. Ta murje gwaiduwar da bota da yaji ta mayar ciki, zoɓo na ƙamshin citta a randa.

Kamar ina jin muryarta: "Ke, ajiye wuƙar nan. Ƙwai ba nama ba ne."

Na zaro zare a gefen mayafina. Ƙwan ya rabu sumul, na rasa wanda zan nuna wa.

Goggo, Allah Ya shayar da ke abin da ya fi zoɓonki sanyi.