Fallen da Ya Faɗo a Kaina

Ƙamus ɗaya gare mu a firamaren ƙauyenmu, can bayan Ajingi, shi ma ɗinkinsa ya tsinke. Da malamin Turanci ya gaji da tattara shi, sai ya raba mana, kowa falle ɗaya. Ya ce mu haddace yadda muke haddace allo, duk Juma'a mu biya masa, dorina tana hannunsa.

Nawa fallen duk kalmomin da dis suka fara. Disease, cuta. Disgrace, wulaƙanci. Dismiss, kora. Gaba da baya na haddace su. Har yau in ka tashe ni daga barci zan kawo maka, ba gargada.

Baba kuwa dama dalili yake nema. Mu biyu ne a boko, ni da ƙanena, gona kuma tana son hannu. Ya riga ya ce ɗaya kawai zai bari ya wuce sakandare.

Ran kasuwar Ajingi ya ja ni rumfar mai maganin feshi. Ya ɗauko kwalba ya ce in karanta masa yadda ake haɗa wa gyaɗa. Na bi rubutun da yatsa ina neman nawa a ciki. Guda ɗaya na samu, dissolve. Na ce sun ce a narkar a ruwa.

Baba ya ce, "To da a miya za a narkar? Murfi nawa?"

Na sake duba kwalbar. Mai rumfar ya ce, Alhaji kar a matsa wa ɗan boko, a bari ya kawo abin da ya iya. Ni kuma, sakarai, na tsaya ƙyam, hannu a baya, na fara biyawa da fassara. Masu sayen taki suka matso. Wani har da riƙe ciki.

Baba bai yi dariya ba. Sai da na kai ƙarshe ya ce, "Cuta, wulaƙanci, kora. Wannan ai ko a gida za ka samu."

Washegari ƙanena ya tafi makaranta, ni aka miƙa min fartanya.

Bayan kwana biyu sai ga malamin a kan kekensa. Inna ta aiko da tabarma da ruwa, ni na laɓe a zaure, na ɗauka roƙon Baba ya zo yi a kaina. Suka gaisa, suka taɓa zancen damina. Sannan malamin ya ce a kira ni in kawo masa fallensa, an kawo sabon yaro ba shi da na haddacewa.

Na kawo. Ya juya shi, ya ce na ɓata masa gefe da gumi.