Farar Ƙasar da Inna Ta Daka

Har yau ina jin ƙarar nan, ƙas-ƙas, kamar ana karya busasshiyar ƙwarya. Leburori ne ke jefo fallayen silin daga wani tsohon gidan ma'aikata da ake rushewa a Karaye. Ina aji uku a sakandare, mun zo cin kasuwa ni da mahaifiyata, Inna.

Sana'ar Inna gyaran ɗakunan mata ce, daɓe da shafen farar ƙasa. Ta tsaya, ta ɗauki ɓallin silin, ta murza bakinsa a yatsa. Gari ya zubo, fari tas.

"Malam, wannan fa zubarwa za ku yi?" ta tambayi ɗan kwangilar da ke kula da aikin.

"Kwashe, Hajiya, kin hutar da ni. Sadaka ce."

Ta juyo gare ni. "Ke 'yar boko, me littafinku ya ce? Zai kama bango?"

Na ce zai kama. Ban san komai a kai ba, farin ne kawai ya burge ni, ina hango ɗakinmu yana haske kamar cikin ƙwai.

Amalanke biyu muka kai gida, ƙauyenmu Kwanyawa. Inna ta keɓe tsohon turmi, tana dakawa, ni ina tankaɗe. Ƙurar takan tsaya cikin hasken hantsi tana ƙyalli, har waƙa na rubuta mata a bayan littafin lissafi. Inna takan yi atishawa ta yi dariya: "Dubi girarki, kin tsufa kafin ni!"

Shafen ya yi kyau, abin haushin ke nan. Har daga Beli, can ƙasar Rogo, mata suka riƙa aiko mata. Rani uku tana daka.

Tari bai kama Inna ba sai bayan shekaru masu yawa. Aka ce sanyi ne, aka ce iska. A ƙarshe ba ta iya kai Fatiha a numfashi ɗaya.

Bayan rasuwarta na ba wata ma'aikaciyar lafiya labarin turmin. Ta ce abin da aka yi silin ɗin da shi sunansa asbestos, wani ma'adini mai illa, kuma ƙa'idar aikin ita ce a jiƙa shi da ruwa, a naɗe, a binne, ba a karya shi ba, balle a ba wani. Ta ce ƙurarsa kan kwanta a huhu shekara ashirin, talatin, kafin ta motsa. Sannan ta tambaye ni wa ke riƙe rariyar.