Tutiya a Cikin Dalmar Alvin

Alvin Stucki bai taɓa zama kowa ba a garin Weiser na jihar Idaho, in ban da mutumin da ake sayen dalma a hannunsa ba tare da an gwada ba. A gonar albasa aka haife shi. Ya yi soja shekara biyu bai ga yaƙi ba, ya dawo ya kama aiki a shagon taya, a nan ya zauna shekara arba'in da ɗaya. Ƙarar injin kwance noti ta cinye masa kunnen hagu, harbin bindiga ya ƙarasa na dama.

A shagon ya samo dalmar. Duk tayar da aka kwance, ana ɓalle 'yan guntayen dalmar nan da ake maƙalawa a bakin wili don kada mota ta yi rawa, a jefa su a bokiti. Maigidansa ya ce ya kwashe su, sun dame shi. Shi kuwa sai ya riƙa kai su gida yana narkewa a gareji, ya tsame datti, ya zuba su bulo-bulo, ya buga wa kowane ɗaya harafi biyu, AS, da guduma. Daga bulon nan yake zuba harsashinsa na farautar barewa da na gasar harbi. Abin da ya ragu ya sayar wa masu zubi irinsa. Daga Idaho har Oregon, in mutum ya ga AS a jikin bulo, jefawa kawai yake a tukunya.

Matarsa Nadine ce mai tsinta. Da kamfanoni suka fara yin guntayen da ƙarfen tutiya, a ido kamarsu ɗaya da na dalma, kuma tutiya kaɗan in ta shiga tukunya ta ɓata duka. Nadine takan zauna a kan kujera ta riƙa sakin su ɗaya-ɗaya a kan siminti. Dalma takan faɗi ɗif, ba amo. Tutiya kuwa ƙara take yi kamar cokali. Ba ta son bindiga, ba ta taɓa harba ko ɗaya ba, amma shekara goma sha biyar tana wannan aikin. Ciwon hanta ya kashe ta. An binne ta ran Alhamis, ran Asabar Alvin yana gareji. Mutane sun yi magana, bai ji ba.

Daga nan ya koma tsinta da ido. Ba a daɗe ba harsashinsa ya fara fitowa a yamutse, gindin ba ya cika. Ya dubi hannunsa, ya ga yana ɗan rawa in ya riƙe kofi, ya ce to, shi ke nan, tsufa ya zo. Ya rataye ludayin zuba harsashi, ya daina zuwa gasa, ya daina sayarwa. Narka bulo kaɗai ya ci gaba da yi, don wannan ba ya buƙatar tsayayyen hannu, kuma ba shi da wani abin yi da rana. Shekara huɗu yana jibga sabbi a kan tsofaffi.

Sai 'yarsa Connie ta sayar da gidan. Ta ware masa ɗaki a nata gidan a birnin Boise, ta ce dole gareji ya zama fanko kafin Asabar. Wani mutumin jihar Montana ya bugo waya ya ce zai kwashe bulon duka, ɗari tara, dala bibbiyu, ba sai ya gani ba tunda na Alvin ne. Ran Juma'a zai zo. Sauran kayan kuwa aka kira Boyd Larsen ya yi musu kuɗi. Boyd abokin harbinsa ne tun suna samari, kuma shi zawarawa ke kira in mai zubi ya mutu ya bar musu tarkace.

Ran Laraba da hantsi Boyd ya iso da tocila a aljihu.

"Kai, kurma! Ba ka mutu ba aka kira ni?" in ji Boyd da ƙarfi. "Ni fa na saba da matan, su suke ba ni kek."

"Me ka ce?"

"Na ce ka yi kyau!"

"Ƙarya kake," in ji Alvin. "Fara da na kan benci."

Boyd ya fara da mazuban harsashi, ƙarafa bibbiyu masu haɗe baki da rami a tsakiya. Su talatin da bakwai ne. Kowane ya buɗe, ya haska ramin, ya rufe, ya ɗaga shi sama ya ga ko haske na ratsawa. Wanda ya ga tsatsa a raminsa ya tura hagu. Na alminiyon ko dubawa bai yi sosai ba.

"Waɗannan dala goma-goma, in an samu wawa. Wannan na baƙin ƙarfen mai rami huɗu, an daina ƙera shi, zai kai ɗari da hamsin. Wa ya goge wannan da burushin waya?"

"Ni, a saba'in da takwas."

"Tun kana da kunne ba ka da hankali ke nan. Tukunyar nan har yanzu tana ɗiga?"

"Tana ɗiga."

"Ashirin."

Alvin yana tsaye hannu a aljihu. Ya ɗauka zai ji wani abu in aka fara kiran kuɗin, sai ya ji ba komai, kamar kayan wani ake dubawa. Connie tana bakin ƙofa tana naɗe kwalaye.

Boyd ya ja da baya don ya dubi ƙasan benci, dunduniyarsa ta ture bokitin guntayen da Alvin ya tsince ya ajiye don narkewa. Suka watse a kan siminti. Boyd ya tsaya cak. Ya durƙusa da kyar, ya ɗauki ɗaya ya saki, ya ɗauki wani ya saki.

"Alvin, wannan bokitin na zubarwa ne ko na tukunya?"

"Na tukunya."

"Ka ji wannan?" Ya sake sakin guntun.

Alvin ya ga abin ya faɗi ya yi tsalle. Bai ji komai ba.

Boyd ya miƙe. Ya kunna tukunya, ya ɗauko bulo biyu masu ɗan haske a cikin tulin ya jefa. Da suka narke, maimakon su kwanta kamar madubi sai saman ya yi gudaji-gudaji kamar kunun da bai damu ba. Ya shiga tonon tulin har ya samo wani baƙin bulo da ya daɗe, ya narke shi a wani kaskon ƙarfe daban, ya ɗumama mazubi mai rami huɗu, ya miƙa wa Alvin ludayi.

"Zuba."

"Hannuna ba ya..."

"Zuba, tsohon banza, ba ni da lokaci."

Alvin ya zuba. Na farko da na biyu suka fito a yamutse don ƙarfen bai yi zafi ba. Na uku, harsashi huɗu suka faɗo a kan tawul sumul, gindi a cike, baki kamar an yanka da wuƙa.

"Hannunka lafiya lau," in ji Boyd a saitin kunnensa. "Tutiya kake ta narkewa tun da Nadine ta tafi."

Alvin ya juya harsashi ɗaya da bakin filaya. Shekara huɗu. Ya jira ya ji haushi ko baƙin ciki, ba wanda ya zo. Ya ajiye filayar.

Matsalar ita ce tulin. Bara mijin Connie ya kwashe shi daga wannan bango zuwa wancan da za a gyara rufi, sabo da tsoho suka cakuɗe. Masu haske sosai ana iya gane su, amma na shekara uku da na shekara goma duk sun yi toka iri ɗaya, kuma duk da AS a jikinsu.

"Baba, mutumin nan ya ce ba zai gwada ba," in ji Connie. "Kai ma ba ka sani ba sai yau. Kawu Boyd, gaya masa."

"Ni ba ruwana, 'yata. Amma ana iya gaya wa mutumin gaskiya, a rage masa kuɗi, ya kwasa."

"Ya kwasa ya kai ina?" in ji Alvin. "Ɗai-ɗai zai sayar da su a teburin kasuwar bindiga. Wanda ya saya ba zai ji abin da na gaya masa a waya ba. Harafin zai gani."

"To sai me? Ba a garin za ka zauna ba!" in ji Connie.

"Kira shi ki ce kada ya zo. Ki kira 'yan gwangwan."

"Baba, ko kashi ɗaya cikin uku ba za su ba ka ba."

"Na sani."

"Su ma 'yan gwangwan masu zubi suke sayar wa," in ji Boyd. "Ni kaina can nake tono."

Alvin ya dubi tulin. Sai ya jawo kujera, ya ɗora bulo ɗaya a kan maƙera, ya ɗauki guduma ya daki harafin sau biyu. Dalma ba ta da gardama, wurin ya baje. Ya jefa shi gefe ya ɗauki wani.

Connie ta ce wannan hauka ne, ta shige cikin gida. Boyd ya gama yi wa sauran kayan kuɗi, ya loda su a a-kori-kurarsa don ya sayar a ƙarshen wata, sannan ya dawo ya tsaya yana kallo.

"Akwai wata gudumar?"

"A'a."

"Ƙarya kake, ga ta can."

"Ba taka ba ce."

Boyd ya tafi. Alvin ya yi Laraba da Alhamis yana duka, yana tashi ya ci burodi da wake a tsaye ya dawo. Masu kyau da marasa kyau duk ya baje su, tunda ba shi da hanyar rabewa. Ran Juma'a da azahar motar 'yan gwangwan ta zo, suka auna, suka ba Connie takarda, suka tafi. Kafaɗar Alvin ta kumbura har sai da Connie ta cire masa riga.

Ya yi shekara biyu da wata biyar a Boise, a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabta. Ba ya ƙorafi, ba ya neman komai. In baƙo ya tambaye shi aikin da ya yi a rayuwa, sai ya ce taya.